Kashin Bonanza na garin Martinville: an yanke fim ɗin ne, ko haka aka shirya shi?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum, masoya fina-finan kaboyi. Akwai wani kashi na Bonanza, tsohon shirin kaboyi na talabijin ɗin Amurka, da ke yawo a wayoyi nan Zariya wanda ya raba kan 'yan kallo, sunansa Twilight Town. An bugi Little Joe, autan gidan da shirin ke ba da labarinsu, a daji an ƙwace masa doki, ya jawo ƙafa har wani gari mai suna Martinville da ya zama kufai, ya faɗi sumamme. Yana farfaɗowa sai ga garin cike da mutane, suna neman ya zame musu sherif, wato shugaban jami'an tsaron gari, ya yaƙi 'yan fashin da suka addabe su. Can ƙarshe kuma mahaifinsa da 'yan'uwansa suka same shi, garin babu kowa. Wasu sun ce masu tura fina-finai ne suka yanke tsakiyarsa, wasu sun ce mafarki ne, wasu kuma sun rantse garin aljanu ne. Ta yaya mutum zai tabbatar ko abin da ke hannunsa cikakke ne? Idan kuwa cikakke ne, me ya kawo irin wannan labari cikin fim ɗin kaboyi?

Injiniya Kwangila ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da duba tsawon fayil ɗin kafin a shiga gardamar aljanu. An ware wa Bonanza awa ɗaya ne a tashar NBC, kuma a shekarun 1960 talla ba ta cin fiye da minti 10, don haka cikakken kashi yana kaiwa wajen minti 50. In ka ga 49 ko 50, babu abin da ya ɓace. In ka ga 48, nan ma kada ka yi saurin zargin kowa. An ɗauki shirin a kan faifan silima mai faɗin milimita 35, hoto 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da Najeriya da Ingila suka yi amfani da shi kuma hoto 25 yake gudu a daƙiƙa. Da aka juye sai fim ya ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, minti 50 ya koma 48, muryoyi kuma su ɗan ƙara tsini. Ba a cire komai ba a nan. Amma in ya sauka zuwa 45 ko ƙasa, to ka samu wanda wata tasha ta rage ne don ta cusa tallace-tallace.

A kwamfuta buɗe shi da VLC, manhajar kallon bidiyo, ka danna Ctrl da J, zai nuna maka yawan hoto a daƙiƙa. 25 na nufin juyin PAL ne, 23.976 ko 29.97 na nufin daga Amurka ya fito da saurinsa na asali.

Sai ka je wuraren da ake zargi. Akwai bambanci tsakanin canjin da masu shirin suka yi da yankan da wani ya yi daga baya. Inda aka tanada wa talla, kiɗa yakan hau ya cika, hoto ya dusashe zuwa baƙi, sannan ya sake buɗewa. Yankan bayan fage kuwa yana datse kiɗa a tsakiya, ko ka ga bakin mutum na motsi magana ta ɓace. Akwai kuma wata alama mai kyau ga fina-finan wancan zamani: inda hoto ɗaya ke narkewa cikin wani, sai an sake buga ɓangaren faifan a na'ura ta daban, shi ya sa a kofi da yawa za ka ga hoton ya ɗan yi gari-gari ko launinsa ya sauya daƙiƙa kaɗan kafin narkewar. In ka ga haka, aikin ɗakin tace fim ne na asali. Harafin E a VLC yana tafiya da kai hoto ɗaya-ɗaya, ka gani da idonka.

Abu biyu kuma da ke ɓata kallo ba tare da yanka ba. Na farko, masu ɗora shi a intanet kan juya hoton, dama ta koma hagu, don kauce wa na'urar kama satar fasaha. Ganewa mai sauƙi ce: Michael Landon, wanda ya fito a matsayin Little Joe, bahago ne, bindigar Little Joe a ƙugun hagu take. In ta koma dama, an juya. Na biyu, siffar hoton 4:3 ce. In aka ja ta ta cika allon 16:9 sai dawakai su yi ƙiba, in kuma aka matso da ita sai saman hoton da ƙasansa su tafi. Danna A a VLC har ta dawo 4:3.

In fayil ɗin na nuna minti 50 amma yana tsalle ko ya ƙame a wuri ɗaya kullum, matsalar daga turawa ce ko daga memori na jabu mai ƙaryar girma. Gwada lissafi: a gudun kilobit 500 a daƙiƙa, minti 50 yana cin kusan megabait 190. Wanda aka ce cikakke ne amma bai kai megabait 60 ba, ko dai an matse shi har fuska ba ta ganuwa, ko bai gama shiga ba.

Malam na Kongo ya amsa:

Allah ya ƙara basira, Injiniya. Ni kuma in ɗora da cewa ko da fayil ɗin ya cika cif, ramin da ake gani a labarin yana nan, domin da gangan aka bar shi. Kashin ya fito a 1963, farkon zango na biyar. Sunan ma yana tuna wa mutum wani shirin almara da tashar CBS ke nunawa a daidai lokacin, The Twilight Zone, wanda ya gudana daga 1959 zuwa 1964, kuma ɗabi'arsa ke nan ya bar mai kallo tsakanin gaskiya da ruɗu. Ba'amurken 1963 yana ganin sunan ya san irin abin da zai tarar. Mu da muka same shi ba tare da wannan shimfiɗa ba, dole mu zaci an yanke.

Dubi yadda aka gina shi. An ba masu cewa mafarki ne hujjarsu tun daga farko: bugu a kai, tafiyar ƙafa cikin rana, ƙishirwa. Duk wanda ya san aikin jinya ya san waɗannan ukun in sun haɗu suna sa mutum ya ga abin da babu. An kuma ba ɗaya ɓangaren tasu hujjar, wato labarin la'anar da matar sherif ɗin da aka kashe ta ɗora wa mutanen garin saboda sun naɗe hannu ana kashe mijinta. Marubucin bai rushe ko ɗaya ba. A ganina nan ne ƙarfin kashin yake, domin abin da ya dame shi shi ne tsoron jama'a: gari guda sun fi 'yan fashin yawa, amma kowa na jiran wani ya fara tashi. Wannan kuwa tsohon jigo ne a fina-finan kaboyi, an dai sa masa rigar fatalwa ne. Wanda ya tsaya kan tambayar ko mutanen na gaske ne, ya bar naman ya kama ƙashi.

Dalilin da ya sa irin wannan ke shigowa kuwa, a yawan aikin yake. Zango na biyar kashi 34 ne, kowanne ana ɗaukarsa cikin kamar kwana 6. Shirin gaba ɗaya ya yi kashi 431 daga 1959 zuwa 1973. Babu marubutan da za su cika wannan da rigimar fili da satar shanu kaɗai, sai sun surka da barkwanci, da soyayya, da shari'a a kotu, da abin al'ajabi jefi-jefi. Ga kuma taurari huɗu, Lorne Greene da Pernell Roberts da Dan Blocker da Michael Landon. Sai a ɗora wa ɗaya nauyin kashi guda, sauran su leƙo a farko da ƙarshe, su samu sararin hutawa ko ɗaukar wani. Shi ya sa Joe yake shi kaɗai a mafi yawan wannan kashin. Kufai kuma yana da arha: titin kaboyi na nan a kafe a harabar kamfanin fina-finai na Paramount inda suke aiki, sai a watsa masa ƙura, a kunna babbar fanka, a manna yanar gizo-gizo ta roba, a ɗauka. A share a zuba mutane, a sake ɗauka. Wuri ɗaya ya ba da gari biyu.

Ku kwatanta da wani kashi na wannan zangon, wanda ya fito a Disamba 1963, inda Hoss, yayan Joe, ya ga wasu gajerun mutane masu korayen kaya a daji aka ƙi yarda da shi. Can an warware komai, ashe 'yan wasan nishaɗi ne. A Martinville ne aka ƙi warwarewa.

Baba Tudun Wada ya amsa:

Malam, na ji bayaninka, amma ban bi ka duka ba. Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Bonanza ta saba wa mai kallo da ƙa'ida: ga gonar Ponderosa kusa da tafkin Tahoe, ga garin Virginia City a Nebada, ga uba da 'ya'ya uku, matsala ta zo a magance ta da hankali ko da bindiga, a koma gida. Wanda ya zauna da wannan yarjejeniya, in aka ba shi labarin da ba a rufe ba, dole ya ji an ci amanarsa. Kuma abin da ya faru bai bar wani tabo a kan Joe ba. A kashin da suka biyo baya ya dawo kamar bai taɓa zuwa Martinville ba. Haka tsarin shirye-shiryen lokacin yake, kowane kashi mai zaman kansa ne don tasha ta iya maimaita su ba bisa jeri ba. To amma hakan yana rage wa irin wannan labari nauyi.

Inda na yarda da kai shi ne kufan. Ba ƙirƙira ba ce. An gano azurfa a Comstock, nan yankin Virginia City, a 1859, Virginia City ta cika cikin 'yan shekaru. Garuruwan haƙar ma'adinai da yawa haka suka tashi, da arziƙin ƙasa ya ƙare aka watse aka bar gidaje a tsaye. Bodie a Kalifoniya ta yi tashe wajen 1880, ta mutu a hankali, a 1962 aka mayar da ita wurin tarihi na jiha, shekara ɗaya kafin wannan kashin. Sai dai labarin Bonanza a shekarun 1860 yake, lokacin da garuruwan yankin ke tasowa, don haka tsohon kufai irin wannan ya ɗan yi gaba da zamaninsa. Haka ma dunƙulen ƙayar nan da iska ke gangarawa da shi a kusan kowane fim ɗin kaboyi: irinsa da aka fi sani daga Rasha ya shigo Amurka cikin irin shuka wajen 1873, ta Dakota ta Kudu, bai kai Nebada ba a zamanin su Ben Cartwright, mahaifin Joe.

Hajiyar Gyallesu ta amsa:

Baba, a gafarce ni, ina ga kunnen Bahaushe ya fi na Ba'amurke shirin karɓar wannan labari. Matafiyi ya shiga gari cikin jeji, an karɓe shi, an ciyar da shi, gari ya waye ya ga fili, ai wannan mun san shi tun daga labaran kasuwar aljanu. Abin da ke rikita mutane shi ne a namu labaran ana faɗa ƙarara cewa aljanu ne, a nan kuwa an yi shiru. Kuma mutanen Martinville ba aljanu ba ne ko a cikin labarin, matattu ne da la'ana ta hana su hutawa, wanda tunani ne na almarar Turawa. Ya kamata a bambance wa yara wannan in ana kallo da su, a gaya musu ƙagaggen labari ne.

Ɗan Samaru, ga masu kallon da ba sa jin Turanci sosai, wurin da ake bayanin la'anar shi ne mabuɗin. Magana ce zalla, ba harbi ba sukuwa, kuma daidai irin wurin ne mutane ke turawa gaba. Wanda ya tsallake shi dole ya ce an yanke. A tsayar da fim ɗin a nan, wani ya fassara, sannan a ci gaba.

Injiniya Kwangila ya ƙara da cewa:

Gaskiyarki, Hajiya. Kuma irin wannan wurin ne tashoshi ke fara cirewa in za su rage tsawon kashi, saboda babu motsi a cikinsa. Ke nan mai kofin minti 45 zai iya rasa bayanin gaba ɗaya. Ɗan Samaru, ku tara kofin da ke hannunku ku jera tsawonsu, ku riƙe mafi tsawo wanda bindigar Joe ke hagu, taswirar nan mai cin wuta da ake buɗe shirin da ita tana farkonsa, sunayen ma'aikata kuma suna ƙarshensa. In za a sake turawa, a yi ta kebul ko daga kwamfuta kai tsaye, domin wasu manhajojin hira suna matse bidiyo ko su ƙi ɗaukar mai tsawo sai an gutsure shi.