Neman shawara: wane takalmi zan saya na shiga daji, ga dutse ga ƙaya ga fadama?

Ɗan Ningi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena mafarauta. Dan Allah shawara nake nema akan takalmi. Ni a ƙasar Ningi nake, bana shekarata uku ina bin ayarin unguwarmu, kuma wanda ya san wajenmu ya san ƙasar ba iri ɗaya ba ce, da safe kana kan dutse, kafin azahar ka gangaro cikin sarƙaƙiya da ƙayar aduwa, wani zubin karnuka su ja mu har fadama bakin kogi inda laka ke kama mutum har ƙwauri. Bara kambas nake sawa, ƙayar aduwa ta huda ƙasan ta shige min tafin ƙafa, sati biyu ina ɗingishi ina gasawa da ruwan zafi. Sai na sayi wani but na gwanjo, a ido kamar sabo, fita ta biyu muna kan dutse ƙasan ya ɓare ya fara zuba kamar garin kwaki, da igiyar kare na ɗaure shi na dawo gida. Yanzu na sayar da waken suya na ware dubu 30, kuma gaskiya ƙafa ɗaya kawai zan iya saya. Ina son wanda zai yi min rani da bazara har farkon damina. Wanne za ku ce in nema, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi? Allah ya saka da alheri.

Mai Gwanjo a Wambai:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ba mafarauci ba ne amma takalmi sana'ata ce, a Ƙofar Wambai nake, kuma abin da ya sami but ɗinka na san shi sarai. Akwai wani irin soso da turawa ke sawa tsakanin fata da robar ƙasa, sunansa PU, ba shi da nauyi kuma yana da daɗin taku, amma in takalmin ya daɗe a ajiye ba a sawa, danshin iska na cinye shi daga ciki, sama lafiya lau ƙasa ya riga ya mutu. Shi ya sa takalmin da ya fito daga dila tsaf kamar ba a taɓa sawa ba, shi ya fi ba ni tsoro. In ka ɗauka ka danna farcen babban yatsanka a gefen sol ɗin da ƙarfi, in ya lotsa bai dawo ba, ko ya yi danƙo, ko ka ga yana gari, ajiye shi ko nawa aka ce maka. Sannan ka lanƙwasa shi biyu ka duba ko akwai tsagewa.

Abu na biyu, cikin dila akwai na ƙasashen ƙanƙara da yawa, ciki duk auduga ko gashi, wani za ka ga an rubuta Thinsulate da lamba 400 ko 800 a jiki. Samari na son su saboda girma da kyan gani. Wallahi kar ka soma, wannan don dusar ƙanƙara aka yi shi, in ka sa shi a Ningi cikin watan Afrilu ƙafarka dafuwa za ta yi.

Ɗan Ningi:
Kai, Yaya, wallahi kamar kana wurin. Haka ya yi, wani baƙin gari mai danƙo. Na gode sosai. To shi mai kyan ya ake gane shi?

Mai Gwanjo a Wambai:
Ka nemi wanda aka ɗinke ƙasan da fata, zaren na fitowa fili zagaye da takalmin. Na gam zalla zafin dutse na sakin shi. In ka samu mai kyau amma na gam ne, kafin ka shiga daji da shi kai wa shumeka ya zagaye shi da zare mai kauri, kuɗin kaɗan ne. In ka ga tambarin Vibram, wani kamfanin robar ƙasan takalmi, mai ruwan ɗorawa a ƙasa, robar na kama dutse, amma duk da haka ka gwada sosan tsakiya kamar yadda na ce, don robar na iya zama lafiya sosan ya lalace.

Baban Karnuka:
Yaro, ni na haura shekara arba'in ina shiga daji, da takalmin taya na yi mafi yawansu. Taya ba ƙayar da ke huda ta, ko ta aduwa ko ta bagaruwa, ruwa ba ya hana ta komai, ka tsallake rafi ka fito kafin ka yi taku ɗari ƙafa ta bushe. Kuma abin da ku yaran yanzu ba kwa lura, nama kunne gare shi. Wannan ƙaton but ɗin in ka taka busasshen ganye da rani, gada tana jinka tun daga nesa, ballantana zabon daji. Ga nauyi, mutum ya wuni yana tafe tun asuba har la'asar sakaliya, kowane taku yana ɗaga kaya. In ta kama ka hau bishiya ko ka yi gudu fa? Ni shawarata ka je wajen mai yankan taya ya auna ƙafarka ya yanka maka mai kauri, ragowar kuɗin ka sayi abincin karnuka.

Ma'aikacin Lafiya, Gombe:
Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarku akan ƙaya da nauyi gaskiya ce ba musu. Amma ku yi min izini in ce wani abu, don ni abin da nake gani a wurin aiki shi ke hana ni yin shiru. Sarar maciji da ake kawowa, akasari a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa, wato daidai inda takalmin taya ya bari a buɗe. Kuma wanda ya fi yi mana ɓarna a wannan yankin kububuwa ce, ba ta da girma, da yawa ba ta kai kamu ɗaya da rabi ba, kalarta kalar tsakuwa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tsakanin ciyawa, irin ƙasar da ɗan'uwa ya kwatanta ke nan. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya ga kamar ba komai, bayan wasu sa'o'i dasashi ya fara jini, tsohon miki ya fara jini. Har asibiti na musamman aka yi a Kaltungo saboda wannan matsalar. Haƙorinta ba shi da tsawo irin na kasa, fata mai kauri da ta rufe idon sawu, da wando mai kauri mai faɗi a sama, suna rage haɗarin ƙwarai. Ban ce suna hanawa ɗari bisa ɗari ba, musamman kasa ko kumurci da ke iya kaiwa sama.

Don haka ɗan'uwa, ko me za ka saya, ya haura idon sawu da kamar yatsu huɗu. Kuma Allah ya kiyaye in ta faru, kar a ɗaure da igiya, kar a tsaga, kar a tsotsa, a cire zobe da duk abin da ya matse, a hana mutum tafiya da ƙafar, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi.

Baban Karnuka:
Likita na ji. Mu muna da abin da iyaye suka ba mu, kuma Allah ya tsare mu har yau. Amma ba zan ce wa ɗan wani ya ƙi rufe ƙafa ba, don a gabana aka ɗauko wani yaronmu a kan babur shekarun baya, yana ɗaga dutse don neman gafiya sai kububuwa ta sare shi a dunduniya, silifa ne a ƙafarsa. Ya rayu, amma mun ga tashin hankali. To ya sayi but ɗin, sai dai mara nauyi.

Tsohon Soja:
Ni da but na yi rayuwa, bari in faɗi nawa. Akwai wanda muke kira jangul but, sojojin Amurka sun yi amfani da shi sosai a yaƙin Biyetnam a shekarun 1960, ƙasa mai ruwa da laka. Ƙasansa fata, samansa yadi mai ƙarfi, kuma a gefen ciki wajen lanƙwasar tafin ƙafa akwai 'yan ƙofofi guda biyu, in ka shiga ruwa ka fito kowane taku yana matso ruwan waje. Su ba su yi wahalar hana ruwa shiga ba, sun san dole ya shiga, sai suka yi masa hanyar fita. Haƙoran ƙasansa manya ne da tazara, laka ba ta maƙalewa. Wasu ma an sa musu siririn ƙarfe cikin sol saboda tsinin gora da ake kafa musu a ƙasa, ka ga wannan ƙayar aduwa ba ta isa ba. Ga wanda ke haɗa dutse da fadama a wuni ɗaya, ban san abin da ya fi shi ba. Illarsa ɗaya, a jigawa yashi na shiga ta ƙofofin nan, kuma yadin saman bai kai fata tsare maciji ba, sai ka haɗa da safa mai kauri da wandon jins.

Kar ka sayi na kamfani mai ƙarfe a baki, wanda leburorin gini ke sawa. Don faɗowar bulo aka yi shi, nauyi gare shi, kuma in kana gangarowa daga dutse yatsunka na dukan ƙarfen, farcenka zai yi baƙi ya fita.

Sannan ka kula, baƙi ko ruwan ƙasa zalla za ka nema, kar ka haɗa shi da wando ko riga mai zanen kakin soja. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, ga yadda hanya ta koma yanzu, kana ɗauke da adda da karnuka a shingen bincike ba ka buƙatar abin da zai ƙara maka tambaya.

Na Fadama:
Ni dai da damina renbut nake sawa, na roba dogo har gwiwa, irin na manoman shinkafa. A laka da raɓar safe ba kamarsa kuma ba tsada. Amma kar ka hau dutse da shi, ba ya riƙe idon sawu, ƙafa na yawo a ciki, targaɗe ne kawai. Da rana kuma gumi ke taruwa har ka ji yana cakal-cakal, tsakanin yatsu ya yi fari yana ƙaiƙayi. In kuɗinka ya yi saura ka ajiye shi na biyu, ba na farko ba.

Ɗan Ningi:
Na gode iyayena. Wani abokina ya ce in nemi mai Gore-Tex wai ruwa ba ya shiga ko kaɗan. Ya kuke gani?

Tsohon Soja:
Wata 'yar siririyar fata ce ta roba a ciki, tana tare ruwa tana barin tururin gumi ya fita. A raɓa da yayyafi tana aiki. Amma ka ce laka na kai maka ƙwauri, to ruwa ta sama zai zubo, kuma abin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita, sai ka kwana biyu bai bushe ba. A na gwanjo ma sau da yawa ta riga ta tsage a wajen lanƙwasa. Kar ka ƙara ko naira saboda sunan.

Baduku Ɗan Gado:
Duk an yi maganar saye, ba a yi ta awo ba, kuma nan ne ake asara. Ka je kasuwa da yamma bayan ka sha tafiya, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka tafi da safar da za ka riƙa shiga daji da ita, irin doguwar nan ta 'yan ƙwallo ta isa. Kar ka yarda da lamba kawai, 43 na Turai shi ne wajen 9 na Ingila, 10 na Amurka, ga shi kowane kamfani da nasa yanka. Ka sa ƙafa biyu duka, ba ɗaya ba. Kafin ka ɗaure igiya tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa, in yatsan hannunka ɗaya ya shige ta bayan dunduniya to daidai ne. Ka ɗaure ka taka, in dunduniya na ɗagawa tana goga, bororo ne ke jiranka. Ka duba harshen, wanda aka ɗinke da gefe har sama shi ke hana yashi da tsakuwa da ƙarangiya shiga.

In ka saya kar ranar farko ta zama ranar farauta. Ka yi sati biyu kana zuwa gona da kasuwa da shi har fatar ta san ƙafarka. Man kaɗe kaɗan ka riƙa shafa wa fatar, musamman da hunturu da iska ke busar da ita har ta tsage. In ya jiƙe kar ka kanga shi a wuta, na sha karɓar takalmin da aka gasa a bakin wutar kwana, fatar ta ƙandare ta murɗe, wannan ba gyara. Cire sosan ciki ka cusa tsumma ko takarda ka ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kuma kullum da asuba a daji ka kife shi ka buga a ƙasa kafin ka zura ƙafa, kunama na son ɗumin ciki.

Ɗan Ningi:
Alhamdulillah, jiya na shiga Kano. Na danna farce a takalmi ya fi goma, uku a take suka nuna gari, wallahi da ban tambaya ba da ɗaya daga cikinsu zan ɗauko don shi ya fi kyau. Jangul ɗin da na gani lambarsa ta yi min kaɗan, sai na samu wani na fata ruwan ƙasa, dogo ya haura idon sawu, ba auduga a ciki, harshen a ɗinke, dubu 24. Na gam ne, na bar shi wajen shumeka zai zagaye shi da zare, jibi zan karɓa. Ragowar na sayi safa ƙafa biyu, kuma Baba na bi shawararku ma, na sa an yanka min na taya na rataya a jaka don tsallake rafi da zaman dare. Tambaya ɗaya ta rage ga Malam Baduku, man kaɗen kafin ɗinki zan shafa ko bayan an gama?

Baduku Ɗan Gado:
Bayan an gama. Ka bi kan zaren ma da shi, ramukan allurar su toshe.