Kananan tsagu a jikin tsohon tulun laka, ya zan yi?

Jama'a don Allah ku taimaka min. Ina tara tsofaffin kayan kicin na laka masu kauri, irin wadanda ake gasawa a wuta mai zafin sama da digiri 1200, to akwai wani tulun mai da na samu wanda kyallin jikinsa duk ya yi kananan tsagu kamar gizo-gizo ya yi saka, kuma maiko ya shiga ciki ya yi baki. Na jika shi cikin ruwan dumi da sabulu kwana biyu, na goga da hodar baking soda, amma da ya bushe sai warin tsohon mai ya dawo. Bilic kam ina tsoro kar ya ci lakar. Wa ya taba fitar da irin wannan dattin ba tare da kyallin ya bare ba? Kuma zan iya zuba abinci a ciki ko ajiye shi kawai zan yi?