Abin da aka tattauna kan gwajin haihuwa da masu bincike

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar rashin haihuwa a ƙauyukanmu na Birnin Kudu da Gwaram.

1. Kowa ya yarda a daina ɗora wa mace laifi ita kaɗai. In an shekara babu ciki, maigida ma ya je gwaji. Nasa ya fi sauƙi.

2. Nan ma'aikatan ɗakin gwaji suka fi jan hankali: kafin gwajin maniyyi, namiji ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, maniyyin kuma a duba shi cikin awa ɗaya. Ɗauko shi a babur cikin rana ɓata shi ne, gara a bayar can asibiti. Zazzaɓi kan rage ƙwayoyin, sai a maimaita bayan wata uku.

3. An kawo misalin jaririyar IVF (haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa) ta farko, 1978 a Ingila, aikin haɗin gwiwar likita Patrick Steptoe da masani Robert Edwards. Da yawa na son asibitocinmu su riƙa aiki da masu binciken Jami'ar Bayero, amma da amincewar majinyaci da rufe sirrinsa.

4. Maganin gargajiya kuwa ya raba kawuna. Wasu sun ce a kai saiwoyin ɗakin bincike a tantance, wasu sun ce ɓata lokaci ne. Ni dai ina bayan na farko.