Ziyarar gonar inabi a Afirka ta Kudu: in bi su ko in yi zamana a masauki?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nika nema ga waɗanda sunka taɓa shiga irin wanga hali, don Allah a karanta har ƙarshe kahin a amsa.

Bincikena kan ban-ruwa na ɗigo ne, kuma an gayyace ni taro a Stellenbosch, wajen kilomita 50 daga Cape Town, cikin Fabrairu. Ranar ƙarshe an sa ziyara zuwa wata gonar inabi ta iyali. Inda gizo ke saƙa shi ne gonar ta gidan su farfesar da ke duba aikina ce, mahaifinta da ƙanenta ke riƙe da ita, kuma ita da bakinta ta ce tana son in gan ta. Da safe za a zagaya gona a ga bututun ɗigo da na'urar auna damshin ƙasa, wanda shi ne ainihin abin da zai kai ni. Daga nan a shiga rumbun ajiyar giya, sannan a zauna ɗanɗana jar giyarsu, sai abinci.

Ba hukuncin sha nika tambaya ba. Ba ni sha, ba ni kuma shirin sha. Abin da nika son sani: ana iya bin zagayen gona mutum ya janye kahin a zauna? Masu shirya taron sun ce a biya rand 450, kuɗin ƙasar, a dunƙule, mota da abinci da ɗanɗano, shin ana cire kuɗin ɗanɗanon? Kuma ƙaƙa zan gaya mata ba tare da ta ji na raina gidansu ba?

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Giya haramun ce, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida a fili take. Ka ji tsoron Allah ɗan'uwa, digiri bai kai lahira ba.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode Malam, amma ka sake duba abin da na rubuta. Ban ce zan sha ba.

Manomin Goronyo:
Mi ya kai ka har Afirka ta Kudu kallon inabi? Ka tahi Kudan ta jihar Kaduna, inabi na nan gona-gona, ba biza ba giya.

Likitan Shanu:
Kawu, taro anka kira shi, ba yawon ganin inabi ba. Kuma na Kudan na ci ne, na can na matsa ne, ba iri ɗaya ba.

Ƙanena, ni na je irin wannan wajen Paarl, ba nisa da inda za ka. Fabrairu tsakiyar girbi ne a can, za ka tarar da su cikin aiki, akwatuna cike da inabi ana kai su wurin matsa. Inabin giya ƙanana ne, fata mai kauri, ga ƙwaya a ciki, amma zaƙi kamar me. Ka tsinka ka ci a gona, wannan ɗan itace ne kawai. Tsohon da ya zagaya da mu ya yi mana bayanin cewa ruwan inabin ba ja ba ne, jan daga ɓawo yake fitowa, shi ya sa suke barin ɓawon cikin ruwan yayin da yake tsima. Bayan haka su zuba a gangunan katako masu cin lita 225, su bar shi watanni, wani ma fiye da shekara.

Rumbun kam ka shirya wa warinsa, ni ban daɗe ciki ba na fito. Wurin zaman kuma kowa aka jera masa kofuna, ana zuba kaɗan-kaɗan, su juya, su shinshina, su kurɓa, da yawansu su tofar cikin wani bokiti. Za ka ji suna ta Pinotage, Pinotage. Irin inabin ƙasarsu ne, wani malamin Jami'ar Stellenbosch mai suna Perold ya haɗa shi a 1925 daga Pinot Noir da Cinsaut, don haka alfahari suke da shi. Ni lokacin da za su zauna na ce zan koma wajen madatsar ruwan gonar, ɗan mai gonar ya bi ni, muka yi hirar farin da ya kusa busar da famfunan Cape Town a 2018. Na ƙaru a wannan hirar fiye da taron gaba ɗaya. Kuɗin ɗanɗano rand 120 ne daban, ban biya ba, ba wanda ya ɗaga gira.

Hajiyar Arkilla:
Rand 120? Mu a Franschhoek, kusa da Stellenbosch, 250 suka rubuta a allo. Sai dai wanda ba ya sha ba su karɓi ko sisi ba, ruwan inabi ma suka kawo mana kyauta. Ɗana, abin da zan ja maka kunne a kai: akwai kwalbar da suke cewa an cire mata barasa, a jikin takardar za ka ga har kashi 0.5 na iya saura. Ita giya ce aka yi sannan aka zare. Ka ce ruwan inabi zalla kake so, ka ga an buɗe a gabanka. Kuma ka tambayi naman abincin, da abin da aka dafa shi, don suna zuba giyar cikin miya. Musulmi na da yawa a yankin, kalmar halal ba baƙuwarsu ba ce.

Ɗan Kasuwar Daji:
Ka tahi abinka Dakta. Ranar dawowa muna nan filin jirgin Sultan Abubakar III, layi za mu yi kowa shi shinshina bakinka.

Mai Haƙuri:
Kuna ta lissafin rand. Wallahi ba kuɗi ne abin tsoro ba, kuma ba kofin ba ne. Waya ce.

Ni Italiya anka tura mu horo, yankin Tuscany. Haka sunka kai mu gonar wasu iyali masu yin jar giyar Chianti, uwa da 'ya'yanta, mutanen kirki, ban da abin cewa a kansu. Na gaya musu ba ni sha, tsohuwar ta tashi da kanta ta kawo min ruwan inabi. Amma a cikin irin kofinsu mai dogon wuya ta zuba, kuma ja ne wur. Anka ce a ɗaga kofi a yi hoto. Na ɗaga, mi zan yi? Wani abokin tafiyarmu, ɗan ƙasarmu, ya sa a Facebook ya maƙala sunana.

Lokacin an sa min rana. An kai lefe, an buga kati. Kahin jirginmu ya sauka Abuja hoton ya kai wayar baffan yarinyar. Na yi rantsuwa da Alƙur'ani gaban mahaifina da nata. Na sa tsohuwar nan ta Italiya ta aiko saƙon murya, wani ya fassara. Baffan ya ce shaidar mai sayar da giya yaka son a kawo mishi? Mahaifinta ya yarda da ni, ya gaya min haka a keɓe, amma ya ce ba shi iya tsallake maganar wansa. Akwatuna sunka dawo gidanmu da dare a bayan a-kori-kura. Mahaifiyata ta yi wata ba ta fita ko barka ba. Har yau a unguwa akwai yaran da ke kirana da sunan da ba ni son maimaitawa.

Wanda ya sa hoton ya goge, ya ce in yi haƙuri bai yi tunani ba. Shi yana nan da matansa biyu.

Kar ka je. Ka ce zazzaɓi ya kama ka.

Hajiyar Arkilla:
Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amma baffan nan bai kyauta ba, zato zunubi ne.

Uwar Biyu:
Hajiya ki yi haƙuri, ni ban ga laifin baffan ba. In ɗiyarki ce aka kawo miki hoton nan ƙaƙa za ki yi? Shi mai lefe da ya zauna teburin, mi yaka nema?

Mai Haƙuri:
Abinci nika nema, Yaya. Gonar tana kan tudu, mota ɗaya ta kawo mu, ina zan je?

Ɗan Kasuwar Daji:
Tambaya ta ilimi: lefen da ya dawo, atamfofin suna nan? Ina da mai saye.

Mai Haƙuri:
Allah ya shirye ka.

Uwar Biyu:
To ita yarinyar fa, ba wanda ya tambaya. Ta yi aure?

Mai Haƙuri:
Ta yi. A bar maganar nan.

Abu Hafsa:
Kun gani ko? Wannan ne sakamakon bin shawarar "na je, na gani". Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna kan teburin da ake zagayawa da giya. Kuma an la'anci mutum goma a kanta, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayenta. Rand 450 ɗin nan ba saye ba ne? Likitan dabbobi ba mufti ba ne, da girmamawa.

Likitan Shanu:
Ban ce ni mufti ne ba, Malam. Yaron ya tambayi yadda wurin yake, na gaya mishi yadda yake. Kai ka taɓa taka gonar? Ni ma hadisin nan ne ya tashe ni daga teburin.

Abu Hafsa:
Sai na shiga wuta kafin in ce tana ƙuna?

Tsohon Hedimasta:
Ku saurara yara. Kowannenku ya riƙe rabin magana. Hadisin nan, zama a tebur ya ambata, kuma Likita bai zauna ba, to ina rigimar? Abin da ya rage shi ne kuɗin, da shiga rumbun, kuma wannan ba a waya ake yanke shi ba. Sakkwato ba ta rasa malamai ba, ya je da takardar tsarin ziyarar ya zauna gaban wanda ya yarda da iliminsa.

Shawarar ƙaryar zazzaɓi kuwa ban yarda da ita ba. Matar nan za ta duba aikinka shekaru, in ka fara da ƙarya da me za ka ƙare? Rubuta mata tun yanzu, ba ranar ba. Ka ce kana ɗokin ganin gonar mahaifinta, addininka bai ba ka damar zaman ɗanɗano ba, kana roƙon a ba ka wanda zai ci gaba da nuna maka ban-ruwan a lokacin. A garinsu akwai masallaci, a Cape Town akwai Masallacin Auwal tun 1794. Ba kai ne Musulmin farko da ta gani ba.

Baƙon Dole:
Baba ya yi gaskiya amma kar a mai da su waliyyai. Gonakin yankin nan ne aka daɗe ana biyan leburori wani sashe na ladansu da giya, doka ta hana tun shekarun 1960 amma abin bai mutu nan take ba. In ka je ka gaida masu tsinkar, ba masu gida kaɗai ba.

Kuma 450 ta yi arha in har da mota da abinci. Mu 900 aka caje mu.

Hajiyar Arkilla:
An cuce ku dai.

Baƙon Dole:
Da cuku da zaitun a ciki, Hajiya.

Ɗan Kasuwar Daji:
Dakta ka tahi musu da furar gero da nono cikin kula. In sun gama nasu ka jera musu ludayi, kowa shi juya shi shinshina shi faɗi garin da anka daka ta.

Manomin Goronyo:
Ni dai in ka dawo ka zo ka gwada muna ɗigon nan a albasa. Ana ta bincike, mu muna ta sayen man injin ban-ruwa.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, musamman Baba Hedimasta da Yaya Likita. Mai Haƙuri, Allah ya saka maka, maganar hoto ban taɓa kawo ta a raina ba. Saura tambaya guda da har yanzu ba a taɓa ba: tunda ta hannun masu shirya taro ake biya ba a ƙofar gona ba, akwai wanda ya taɓa sa su raba rasit ɗin?

Baƙon Dole:
Tsaya tukuna. Kai za ka biya daga aljihunka ko wurin aikinku?

Ɗan Runjin Sambo:
Sun ce in biya, in na dawo a maida min.

Baƙon Dole:
Lahaula. To ka manta da giya, ga babbar musiba nan. Ni haka aka ce min. Na ci bashi na sayi tikiti, na dawo na kai takardu, fayil ɗina ya kwana ofishi uku, daga ƙarshe aka ce rasit ɗin masauki ba hatimi. Masaukin Turawa wa ya ba su hatimi?

Likitan Shanu:
Nawa an biya, amma da canjin ranar da aka sa hannu, ba na ranar da na kashe ba. Lokacin naira ta riga ta zube, rabin kuɗin na samu.

Uwar Biyu:
Maigidana har yau yana bin na tafiyar da ya yi kahin korona. Mai sa hannun ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya ce bai gaji bashi ba.

Abu Hafsa:
Wannan kam zalunci ne, jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. A nan muna tare.

Tsohon Hedimasta:
Ku da kuke bin alawus ɗin tafiya ku gode wa Allah. Ku zo ku ga layin 'yan fansho ranar tantancewa.

Baƙon Dole:
Dakta, kar ka taka jirgi sai ka ga takardar amincewa da sa hannu da kwanan wata, ka yi mata hoto biyu. Wa ke riƙe da fayil ɗinku yanzu, har yau mai jar hular nan ne?