Man na'a-na'a a ƙirjin jariri, don Allah ku ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a gefen Ringim. Tun shigowar hunturu yarona ɗan wata 4 yake fama da mura, ba ma samun barci. Maigidan yana Kano wajen nema, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, kuma kun san zama da uwar miji, ba komai ake cewa a'a ba. Inna ce ta sa ya sayo mata man na'a-na'a a kasuwar Kurmi saboda ciwon kai. Ni ma na shafa a goshi na ji daɗinsa, har ina ɗigawa a shayi saboda kumburin ciki. To jiya ta lakata ta shafa wa yaron a ƙirji da ƙasan hanci. Ya tsala kuka, idonsa da wurin duk suka yi ja. Ta ce maganin ne yake aiki, yau ma za ta ƙara. Yaya zan yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kada a sake, ko ɗigo ɗaya. Sinadarin mentol da ke cikinsa yana iya shaƙe numfashin jariri idan ya kusanci hanci. Kuma akwai jariran da jininsu ba ya ɗaukar mentol, yana jawo musu ciwon shawara. Ki wanke wurin da sabulu, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi yau.

Maman Ummi: Haba Anti, ganye ne fa. Na'a-na'ar da muke sha a shayi kullum?

Anti Nas: Ganyen daban, man daban. Tarin ganye ake tatsewa kafin a samu 'yar kwalbar nan. Babba ma sai ya sirka da man zaitun ko na kwakwa kafin ya shafa, kuma nesa da ido. Ke ma Maman Khalifa ki bar ɗigawa a shayi, yana sassauta bakin tumbi, ƙwannafi ya taso. Wanda likitoci ke bayarwa don ciwon hanji a ƙwanso yake, sai ya wuce tumbi ya isa hanji yake narkewa.

Maman Khalifa: Ɗigo biyu ne kawai nake sawa Anti, kuma ƙwannafin tun ina da ciki nake da shi. Asibitin kuma kuɗin mashin zuwa da dawowa ba wasa ba ne.

Amaryar Gumel: Ke dai kin ji daɗi taki tana shafa mai. Tawa ranar suna ta ɗura wa 'yata jiƙo, da na yi magana sai da na yi wata guda a gidanmu. Har yau babanta bai ce ba a kyauta min ba.

Maman Ummi: Ki sirka da man kaɗanya ki shafa masa a tafin ƙafa, kowa ya huta.

Anti Nas: Ko a ƙafa ban yarda ba. Ki yawaita ba shi nono, ki ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis. In kika ga haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi, kada ki jira kowa. Ki ɓoye kwalbar.

Maman Khalifa: In ɓoye ta yaya, a ɗakinta take. Kuma Inna ba muguwa ba ce, 'ya'ya 9 ta raina. Bari maigidan ya kira da daddare mu gani.

Anti Nas: Da daddare? Ai kafin nan ta shafa.