Cocin ginin ƙasa na Navrongo: da gaske tun zamanin Turawa yake tsaye?

Direban Tumatur:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina ɗauko tumatur daga Burkina ta iyakar Paga zuwa Kumasi, to kullum sai na ratsa Navrongo a arewacin Gana. Yaron motata ne ya matsa mini muka leƙa tsohon cocin Katolika na garin. Daga waje ka ce ginin siminti ne, dogo, da hasumiyar ƙararrawa a gaba, amma wani dattijo da muka tarar yana shara ya ce duk ƙasa ce. Na ɗora hannu a bango, sanyi kamar randa. Wa ya gina shi, kuma yaya aka yi ginin ƙasa mai wannan girma bai zube ba? Ɗakin kakata a ƙauye damina uku ya yi babu yaɓe, sai ga shi a ƙasa.

Tsohon Ticha, Bolga:
Wa alaika salam ɗana. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. A cocin nan aka ɗaura mana aure da mai ɗakina, saboda haka ka taɓo inda nake so.

Limaman mishan da ake kira Fararen Fada ne suka iso Navrongo a 1906, kuma ba ta bakin teku suka zo ba, daga Wagadugu, wadda take ƙarƙashin mulkin Faransa, suka gangaro. A lokacin gwamnatin Faransa ta sa cocin Katolika a gaba, har ta raba shi da harkar mulki a 1905, sai suka ga gara su samu wurin fakewa a ɓangaren Ingila. Su uku ne, cikinsu akwai Fada Oscar Morin, mutumin Kanada. Sun fara da 'yar ƙaramar majami'a, jama'a suka yi mata yawa, aka ƙara wata, sannan a 1920 aka ɗaga wannan da ka gani. Tsawonta ya kai mita 60, faɗi kamar 14.

Tsarin dai na Turai ne: zaure ɗaya miƙaƙƙe, ginshiƙai sahu biyu, bagadi can ƙurya. Amma hannun da ya yi aikin na mutanen yankin ne, Kasena da Nankana. Bulon ƙasa aka buga aka shanya a rana, aka ɗora shi da laka. Daɓen ma tsakuwa ce da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa. Kwanon rufi ne kawai baƙo a wurin.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ciki, ina fata ka shiga. Zanen da ke jikin ginshiƙai da bango ba na Fada ba ne, matan ƙauyen Sirigu da ke yankin ne suka yi shi a shekarun 1970, da irin salon da suke ƙawata ɗakunansu: ja da baƙi da fari, duk daga ƙasa da duwatsu. Za ka ga mala'iku kusa da dabbobin daji, ga zane mai kusurwa uku-uku ya zagaye su. Wasu siffofin ma tasowa suka yi daga bangon, in ka shafa za ka ji tudunsu. Na ga coci masu tayil da gilashi a Akara, ba wanda ya zauna mini a rai kamar wannan. A 2006, da mishan ɗin ya cika shekara 100, Fafaroma ya ɗaga darajarsa zuwa ƙaramar basilika, wato coci mai matsayi na musamman.

Magini daga Zariya:
Baba Ticha, Allah ya ƙara lafiya. Ruwan ɗorawar da ka ambata ai makuba ce, da ita iyayenmu suke shafe soro. Direba, amsarka tana cikin tambayarka: ɗakin kakarka rashin yaɓe ne ya kashe shi. Bangon ƙasa abu biyu yake tsoro, ruwan da ke zubo masa daga sama da wanda ke kwanciya a gindinsa. In rufi ya zarce bango, aka yi wa ruwa hanya, ana bin tsaga ana toshewa kafin damina, to jikokinka ma za su same shi.

Sai dai ina roƙon masu kula da wurin, kada wani mai kuɗi ya zo da sunan taimako ya lulluɓe shi da siminti. Siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Laima ta shige baya ta rasa mafita, kana ganin bango sumul alhali ciki ya zama gari, rana ɗaya ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Na rushe irinsu da hannuna a cikin birni.

Hajiyar Zango:
To ni tambayata, Musulmi na iya shiga kallo? Ina son in kai 'yan makarantarmu in mun je ganin kadojin Paga.

Tsohon Ticha, Bolga:
Hajiya, sosai ma. Ku dai kauce wa safiyar Lahadi, ku fara gaida masu kula da wurin, kuma ki gargaɗi yara kada su ƙanƙare zanen da farce.