Ruwa a cikin fitilar danja: abin da kowa ya gani a motarsa

Malamin makaranta, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da damina ta kankama nake ganin ruwa a cikin fitilar danja, wato jar fitilar baya, ta ɓangaren dama a motata. Da farko hazo ne kawai yake rufe gilashin daga ciki da safe, ya washe idan rana ta ɗaga, amma yanzu ruwa ne kwance a ƙasan fitilar, har ana ganin motsinsa idan an rufe but da ƙarfi. An canja mini ƙwan birki, bai daɗe ba ya sake mutuwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da wannan ya gaya mana yadda ya yi, domin ba na son sayen wata fitilar matuƙar wannan za ta gyaru.

Direban haya, hanyar Kano zuwa Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Tawa ta yi haka, kuma abin da na yi shi ne na sa aka kwance ta, aka huda ɗan ƙaramin rami da bai wuce milimita 3 ba a can ƙasanta, ta baya wajen baƙar robar, ba a jikin jan gilashin ba. Nan take ruwan ya tsiyaye, aka shanya ta a rana, aka mayar. Tun daga lokacin, ko ruwa ya shiga ba ya kwana a ciki.

Mai gyaran wayar mota, Kaduna:
Malam, kafin ka bari a huda maka fitila, ka fara rarrabe abubuwa biyu da ka ambata, domin ba ciwo ɗaya ba ne. Fitilar mota ba a rufe take ruf ba. Masu ƙera ta suna barin 'yar kafar shan iska a bayanta, wani lokaci da lanƙwasasshen bututun roba mai kallon ƙasa, wani lokaci da ɗan ƙyalle a manne. Idan ka taka birki, ƙwan mai wat 21 yana ɗumama iskar da ke ciki ta fita, idan kuma fitilar ta huce sai ta zuƙo iskar waje, wadda a watan Agusta cike take da danshi. Wannan danshin ne yake kwanciya a kan gilashi mai sanyi, kamar yadda gumi yake taruwa a murfin tukunya. Hazon da yake washewa da kansa ba lalacewa ba ce, kuma ba ya buƙatar gyara.

Ruwan da yake kwance kuwa, wannan ta wata kafa ya shigo, kuma a cikin motocin da ake kawo mini wurare huɗu nake dubawa: sosan da ke tsakanin fitila da jikin mota, zoben robar da ke wuyan mazaunin ƙwai, layin da aka haɗa jan gilashi da baƙar roba, sai kuma tsagewa a jikin gilashin. Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne ƙwan da yake mutuwa. Ruwa mai sanyi idan ya fantsamu a kan ƙwai mai zafi yana iya fasa shi, sannan ƙarfen mazaunin yana yin tsatsa, wani ya yi kore. Da zarar tsatsar ta kama wayar da take komawa jikin mota, sai wuta ta riƙa neman hanya ta cikin sauran ƙwayayen: ka kunna sigina, danja ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, ko ka taka birki fitilar ta dushe gaba ɗaya. Wanda yake bin ka a baya da daddare ba zai gane ko tsayawa za ka yi ko kwana za ka sha ba, shi ya sa ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu.

Game da huji, Yaya direba, ka yi haƙuri, ban cika goyon bayansa ba. Yana fitar da ruwa, gaskiya ne, amma kafar da ruwan yake shigowa tana nan. Idan hunturu ya zo kuma, ƙura ce za ta bi ta ramin ta kwanta a kan madubin ciki, kuma wannan madubin ba ya jure gogewa, fentin azurfarsa saɓulewa yake yi.

Direban haya:
Maganarka a kan hanya take, Oga, domin tawa ta ɗan yi duhu bayan hunturu. Sai dai wanda motarsa ita ce abincinsa, kuma ba zai iya ajiye ta yini guda ba, hujin yana fitar da shi kafin ya samu sarari.

Ma'aikaciyar asibiti, Jos:
Ni tawa matsalar ba daga ruwan sama ta fito ba, duk da yawan ruwan da muke samu a nan. Na lura cewa kullum aka dawo da motar daga wanki sai in ga ɗigo-ɗigo a cikin fitilar hagu. Da na tsaya na kalli yadda ake wankin, sai na ga yaron yana kafa bakin injin feshi dab da gefen fitilar domin ya fitar da laka. Ban da haka, but ɗin ya fara warin ruma, da muka ɗaga shimfiɗar sai ga ruwa ya taru a ramin safaya taya. Da bakanike ya kwance fitilar, sosan bayanta ya lotse ya bushe, yana marmashewa a hannu. Ya yanka sabo daga irin sosan roba da ba ya shan ruwa, ya bi zanen tsohon, ya mayar. Yanzu nakan roƙi masu wanki su ja baya da injin idan sun zo wajen fitilu. Malam, ka ɗaga shimfiɗar but ɗinka ka duba, domin idan akwai jiƙa a wurin, to mai yiwuwa sosan ne ba gilashin ba.

Mai gyaran jikin mota, Maraɗi:
Hajiya ta faɗi abin da nake gani kullum. Zan ƙara da cewa motocin da aka taɓa bugewa ta baya sun fi kowa wannan ciwon, domin idan ƙarfen bai koma daidai ba, fitila ba ta zama a mazauninta, ko an sa mata sabon soso. Wasu kuma sai su ɗaure notin da ƙarfi don su rufe giɓin, robar ta tsage a gindin ƙusar. A ɗaure a hankali, ɗaya bayan ɗaya, da zarar ya kama a tsaya.

Yadda nake gano kafa shi ne in cire ƙwayayen duka, in zuba ruwa mai tsabta a cikin fitilar, in riƙa juya ta a hankali ina kallon inda zai tsattsafo. Sau da yawa a layin haɗin sama ne, tsagewar da ido ba ya gani sai an jiƙa. Daga nan sai in zubar, in kife ta a inda iska take kaɗawa har ta bushe sarai, domin wanda ya liƙe fitila da sauran danshi a ciki zai ci gaba da ganin hazo. Masu gaggawa suna amfani da na'urar busar da gashi, amma a sa ta a ƙaramin zafi kuma a nesanta ta, kada robar ta lanƙwashe. Wajen gam, a nemi baƙin gam mai danƙo na fitilu, ko silikon da ba shi da wari mai tsami. Wanda yake warin ruwan kal yana fitar da asid lokacin da yake bushewa, kuma wannan yana cin ƙarfen mazaunin ƙwai. A shafa siriri a kan layin kawai. An sha kawo mini fitilar da aka dambara wa gam ko'ina har aka toshe kafar shan iskar, mai ita yana mamakin yadda hazo ya ƙaru bayan gyara.

Ɗan kasuwa, Sakkwato:
Duk wanda fitilarsa ta LED ce, kada ya jira kamar masu ƙwai. Tawa ba ta da ƙwan da ake cirewa, ƙananan fitilu ne a kan faranti mai wayoyi a ciki, kuma na bar ruwan zuwa ƙarshen damina saboda tana kamawa. Da rabin layin ya mutu, mai gyara ya nuna mini farantin ya yi fari da kore, ya ce sai dai a canja fitilar ɗungurungum. Da na je sayen ta hannu, ya ba ni shawarar in ɗaga ta a rana in duba ƙasanta daga ciki, domin wadda ruwa ya taɓa kwanciya a cikinta tana barin shatin busasshiyar laka. Biyu na ajiye saboda wannan shatin kafin na samu mai tsabta.

Mai gyaran wayar mota:
Haka ne, Alhaji. Malam kuma, idan an gama liƙe taka, ka sa a kankare tsatsar mazaunin ƙwan, a shafa ɗan man da ake sa wa mahaɗar waya don kare ta daga danshi, idan kuma ƙarfen ya riga ya ci sosai a canja mazaunin. Kafin ka bar garejin, ka sa wani ya tsaya a baya ya duba maka danja, birki, sigina da fitilar ribas, kowace ita kaɗai, sannan a kunna su tare.